Injin da Ya Ɗauko Hannun Alhaji

Yaya Hajara,

Assalamu alaikum. Ya gida, ya jikin naki, ya Malam da yara? Ya ƙarin haƙurinmu?

Tun da na fita takaba likita ya matsa in koma motsa jiki saboda sugan nan. Kin san pikilbol, ƙanin tanis ɗin da muke bugawa da Alhaji bayan asuba a nan unguwarmu ta Germantown, a Amurka. Yanzu ba abokin wasa, ni kuwa ba zan tsaya gaban mijin wata ina tsalle ba. Shi ne 'yarki Fatima ta kai ni zaɓen injin da ke jefo ƙwallo.

Biyu aka gwada min. Na farko duk ƙwallo wuri ɗaya yake ajiye ta, Fatima ta ce shi ya dace da gwiwata. Na biyu ya jefa dama, ya jefa hagu, sai ya sako wata gab da raga. Shi na ɗauka, ban faɗa mata dalili ba.

Jiya na fita da shi. Ƙwallo ta wuce ni, sai na ji bakina ya ce, "Haba Alhaji." Haka yake yi min, yana dariya.

Ki sa shi a addu'a, ni ma kar ki manta da ni. Ki gaida Inna.

Ƙanwarki,
Binta