Madubin Hamad Ya Raba Mu

Malam Hadi, don Allah ka taimake ni, raina a ɓace yake. Ni ɗalibi ne a nan Alƙahira, ina zaune a Hay el-Sabi' da matata Kulu. Abokina Hamad, Bahaushen Sudan, shi ya fara kai ni wani kulob na harbin kibiya a Madinat Nasr, shi ya koya mini riƙon baka. Daga nisan mita saba'in muke harbi, ido ba ya iya ganin inda kibiya ta kafe, sai da madubin hangen nesa, wanda a nan ake kira minzar. Hamad ke da shi, ni ba ni da shi. Idan na harba ya leƙa ya faɗa mini, in gyara saiti. Ban taɓa shakkar maganarsa ba.

Watan jiya aka yi zaɓen waɗanda za su wakilci kulob a wata gasa a Iskandariyya. Gurbi ɗaya ya rage, tsakanina da shi. A zagayen ƙarshe na saki kibiya biyu, ya leƙa ya ce sun faɗa hagu, cikin ja. Na juya saiti, na saki sauran. Da muka taka zuwa wurin allon da muke harbi, Malam, biyun farko suna tsakiyar rawaya, inda maki ya fi yawa, sauran duk sun baje dama. Wai kiban Isam ya gani, wani Bamisire da muke harbin allo ɗaya, don gashin kibanmu ya yi kama. Da 'yan makin nan ya wuce ni. Abin da ya fito daga bakin Hamad kawai shi ne ma'alish, wato yi haƙuri.

Cikin fushi na tafi kasuwar Ataba na sayi nawa madubin. Mai shago ya rantse yana kusanto da abu ninki ɗari. A cikin shago kam tamam. Da na kafa shi a fili tsakar rana, allon sai rawa yake yi kamar a cikin ruwa, iska kaɗan ta girgiza ƙafafun madubin, kuma sai na cire tabarau kafin in ga wani abu. Yaran kulob har dariya suka yi mini. Hamad ya ji labari ya aiko mini da nasa, wai kyauta. Na mayar masa. Bayan ya ci gurbina zai ba ni sadaka?

Yanzu na hana Kulu zuwa gidansu, alhali matarsa Fatna ce ta zauna da ita a asibiti ranar da ta haihu, ba mu da kowa a garin nan. Kulu ta daina yi mini magana sai ta dole. Ni dai khalas, shi ke nan, ba na son in sake dogara da idon kowa. Wane irin madubi zan saya? Kuma laifi ne don na yanke hulɗa da mutumin nan?

Maharbi mai takaici, Hay el-Sabi'

Ɗan'uwa maharbi, na ji zafin da kake ji, kuma kana da hujja. An faɗa maka abin da ba haka ba a lokacin da ya fi muhimmanci, wanda ya faɗa kuma shi ya amfana. Ma'alish kaɗai ta yi kaɗan. Ya kamata Hamad ya je ya yi wa mai horar da ku bayani, ko da ba za a sake komai ba.

Amma ka duba ɗaya ɓangaren. Mutum biyu a allo ɗaya, gashi iri ɗaya, nisa haka, ga fargabar gasa a kansa shi ma. Irin wannan kuskure yana faruwa ga ƙwararru. Ni ban san zuciyarsa ba, kai ma ba ka sani ba. Kuma barin abokin takararka ya zama idonka ranar zaɓe ganganci ne daga ku biyun.

Batun madubi, ka manta da ninki ɗari. Ninki ashirin zuwa arba'in ya ishe ka a mita saba'in, domin a zafin Masar yawan kusantowa hucin rana kawai yake ƙara nuna maka. Ka nemi mai faɗin gilashin gaba, milimita sittin zuwa tamanin, don haske. Ka zaɓi wanda wurin sa idonsa ya karkato sama, yadda za ka leƙa ba tare da ka ɗaga ƙafa daga matsayinka ba. Ka gwada shi da tabarau a fuskarka. Mariƙinsa mai ƙafa uku ya zama mai nauyi, kada ka yi rowa a nan. Kada ka biya sai ka fita da shi waje da rana. Sannan ka sauya launin gashin kibanka.

Kulu kuma ka bar ta yau ɗin nan ta je wurin Fatna. Ba ita ta leƙa madubi ba, kuma mace mai jego a ƙasar da ba tata ba tana buƙatar ƙawa fiye da yadda kake buƙatar huce haushi.

Shawarata ta ƙarshe, ka kira Hamad ka faɗa masa duk abin da ka faɗa mini, ido da ido, sannan ka ce ya raka ka sayen madubin, tunda ya san kayan. Kai za ka leƙa, kai za ka yanke hukunci. Yadda zai tsaya maka a shagon nan zai gaya maka abin da fushi ba zai iya gaya maka ba. Allah ya sanyaya zuciyarka, ya daidaita hannunka, ya raya jaririnku.

Malam Hadi