Tukunyar Dafa Allura

Zinder, daren Alhamis, watan Rajab

Yau na raka ƙanwata Falmata ganin lakwal ɗin, wato makarantar, da Malam Kiyari, tsohon anfarmiye, ma'aikacin jinya na soja, ya buɗe a gidansa don koya wa 'yan mata jinya. Baba ya ce tunda ni na yi karatu a Dakar, ni zan duba in yanke ko za ta shiga.

Tsakar gida fes, ɗalibai cikin fararen kallabi. Har na fara jin kunyar zargina.

Sai matan garin Dogo da suka zo cin kasuwa suka yi layi. Allura ɗaya Malam ya yi wa mata biyar, yana goge ta a hannun rigarsa. Ɗalibai suna kallo, suna koyo.

Na ce, "Malam, ba a dafa ta?"

Ya nuna mini tukunyar dafa allura tana ƙyalli a kan kanta. Na buɗe. Goro ne a ciki, lulluɓe da jiƙaƙƙen tsumma.

"Ranar da likitan Nasara zai zo muke dafawa, 'yata. Sauran ranaku goro ya fi daɗewa a ciki." Har ya miƙo mini ɗaya, ni kuma don ladabi na karɓa.

A hanya Falmata ta ce, "Yaya, in ba nan ba, ina? Babu wani lakwal mai ɗaukar mata."

Na dubi goron da ke hannuna. Gobe zan ajiye shi gaban Baba, in faɗa masa inda aka ciro shi.