Sifikar da Ta Cinye Rabin Maganarki

Zuwa ga hasken idona, sanyin ƙirjina, ruwan da nake tsoma jan ƙarfen zuciyata idan ya yi zafi, matata abar ƙaunata!

Hannun da ke rubuta miki wannan takarda a ɗaure yake da bandeji, kuma wallahi bai sha rabin abin da ya kamace shi ba. Yau kwana goma sha ɗaya da na aika miki kalmomin nan uku, "To, ki huta." Ki daure ki karanta ki ji yadda aka yi mijinki ya zama jaki, in kin gama ki yanke min hukunci.

Kin san tun da wayata ta faɗa bokitin ruwan walda, ta imel kike turo min saƙon murya daga asibitin da kike aiki a can wani gari, ni kuma in saurara a tsohuwar kwamfutar cinyar nan da nake zana ƙofofi da ita. Sifikarta ta daɗe da fashewa, tana ƙara kamar ƙuda a gwangwani. Ran nan da hantsi na kunna saƙonki a kan teburin shago, sai na ji muryarki, muryar da na fi so a duniya, ta ce, "Na gaji da kai," daga nan sai ƙarrr.

Idona ya rufe. Ni za a gaji da ni? Ni da na yi shekara biyu ina cin abinci a tsaye don kujerarki ba kowa a kai? Na ɗauki babbar guduma, wadda nake miƙe rodi da ita, na sauke wa kwamfutar a tsakiya. Gilashi ya watse, maɓallai suka yi tsalle har bakin titi, na ƙara, na ƙara, har wani ɓallin ƙarfe ya tsaga min tafin hannu. Da jinin da komai na ari wayar mai faci maƙwabcina na tura miki waccan mummunar magana.

Jiya aiki ya tilasta min shiga kasuwa neman wata kwamfutar. Mai shagon ya fara min surutun batir da sauri da girman allo, na ce masa ya adana bakinsa, sifika na zo saya, sauran jikin kyauta ne. Ya jera min biyar a kan kanta, ya ce in gwada da abin da kunnena ya sani. To me kunnena ya sani in ba ke ba? Na ce bari in sake caka wa kaina wuƙar nan. Na buɗe imel ɗina.

Ta farko muryarki ta fito siririya, ba nauyi, kamar sauro, na kashe tun kina sallama. Ta biyu sifikarta a ƙasa take, tebur ya danne ki kamar an toshe miki baki da filo, na kusa jifa da ita. Ta uku da na ƙure ƙara sai ta hau rawar jiki tana kakkarya kalmominki. Mai shagon ya ce ko kunnena ne injin yankan ƙarfe ya cinye, na cafki wuyan rigarsa har maɓalli ya ɓalle, masu saye suka raba mu. Na ba shi haƙuri, don gaskiya ya faɗa.

Ta huɗu, mai sifika biyu a gefen maɓallai suna kallon fuskar mutum, ita ce ta kashe ni. Na ji numfashinki. Na ji 'yar dariyar nan da kike yi ta hanci. Sannan a gaban mutum bakwai, tar kamar kina tsaye a shagon, kika ce:

"Na gaji da kai-kawo, maigida. Na ajiye aikin. Ka zo tasha ranar Asabar ka ɗauke ni, na dawo gida gaba ɗaya."

Kai-kawo! Wayyo ni, kai-kawo! Harafi huɗu sifikar banza ta haɗiye, ni kuma na bi da guduma na haɗiye sauran. Na zauna daɓas a kan kwalayen mutane. Mai shagon da na yaga wa riga ne ya tambaye ni a hankali wace Asabar ce, na ce wadda ta wuce.

Daga can gidan yayanki na nufa. Bai bar ni na haye zaure ba, amma ya gaya min komai: kin zauna a tasha da akwati uku tun safe har la'asar, kina cewa fushi nake, zan huce in zo. Duk motar da ta tsaya sai kin miƙe. Wane irin mutum ne ke barin damina ta zo har ƙofarsa ya rufe mata ƙyaure? Da ana cire zuciya, da na ɗora tawa a kan maƙera na daka ta har ta yi laushin da ya dace da ke.

Ban gwada ta biyar ba. Ta huɗun na ɗauko, tana nan a kan teburin da har yanzu akwai ramin guduma a jikinsa. Na saurari saƙonki sau talatin da wani abu, kuma kowane lokaci ina kaiwa har ƙarshe. Gudumar kuwa na ba mai faci ya kulle a shagonsa.

Ba na roƙon ki yafe yau. Asabar mai zuwa zan je tashar nan tun safe, in zauna a bencin da kika zauna, in miƙe wa duk motar da ta tsaya. In ba ki zo ba, Asabar ta gaba ma ina nan. In kuwa zagi za ki turo min, ki turo, ki yi shi da tsawo, na rantse ba zan motsa ba sai kin kai aya.

Naki har ƙasa ta rufe min ido,
Mai waldarki, mai kunnen ƙashi.