Wa Yake Duba Miki Ruwa?

Mama,

Gaisuwa mai tarin yawa daga Maskat. Yaya ƙafar taki? Yaya Gwaggo Zuhura? Allah ya sa shinkafar bana ta tsira daga ruwan gishiri.

Ni lafiyata ƙalau. Aikin gidan da ɗan yawa, barcin kuma kaɗan, amma ina ci ina ƙoshi, kada ki damu.

Jiya uwar ɗakina ta sayo ƙaguwa. Na dafa, na kasa ci. Ke nake ta gani cikin itatuwan mikoko na bakin teku, laka har gwiwa, hannunki a ramin ƙaguwa har kafaɗa. Ni ce mai tsaya miki a kan saiwa, in ruwan teku ya fara dawowa in ƙwala miki kira. Ranar da zan taho kika ce, "Tafi abinki, ja'ira, ni da ruwan nan mun san juna." Na san kunnenki ya yi nauyi, Yaya Kombo kuma kullum yana can kamun kifi. Na yi shiru, don ina son tafiyar.

Don Allah, Mama, kada ki amsa min da "lafiya lau". Suna nake so. Wa yake duba miki ruwa?

'Yarki,
Mwatima