Ƙanwar Tumfafiyar da Kika Dasa a Bayan Gida

Zuwa ga mahaifiyata, Hajiya Mariama,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta girmamawa, da roƙon Allah Ya haskaka makwancinki, ina rubuto miki daga gidan ƙanwarki Anti Hadiza a garin Pleasant Garden, nan ƙasar waje, inda kika bar ni. Na san ba za ki karanta ba. Amma ina jin na yi miki ɓarna, kuma ba ni da wanda zan faɗa wa.

Inna, shukar da kika dasa ba ta fito ba. Afrilu ya kusa ƙarewa, komai na unguwar nan ya yi kore, wurinki kuwa jar ƙasa ce kawai.

Kin tuna ranar da muka saye ta, kwana biyu bayan bikin kammala karatuna? Na karanta miki takardar jikin tukunyar: furen daji ne na ƙasar nan, mai jawo malam-buɗe-littafi. Ba ki saurare ni ba. Kika duƙa kika duba fasalin furen, kika ce, "Wannan ai ƙanwar tumfafiya ce, ta zo boko kamar ke." Na bincika daga baya. Gaskiyarki, danginsu ɗaya.

Da cokalin miya kika haƙa ramin, don ba ki yarda da shebur ɗin Alhaji, mijin Anti, ba. A Yuli ta yi fure ruwan goro. Da za ki koma Maraɗi kika ce, "Ki kula min da ita, baɗi in Allah Ya kai mu in zo in ga 'ya'yanta."

A Agusta kika rasu. Katin wayata ya ƙare Yaya yana tsakiyar gaya min matan da suka yi miki wanka. Ban ga kabarinki ba har yau.

Ga laifin. A gida, a gindin lallenki kike alwala, kina cewa ruwan alwala ba ya tafiya a banza. Sai na ɗauki butarki da kika bari, na koma alwala a gindin shukar. Sau biyar a rana, har kwana arba'in. Butar tana cin lita ɗaya da rabi. Lita ɗari uku ke nan, Inna, ban da ruwan sama. Da ganyen ya fara rawaya na zaci ƙishi ne, na ƙara.

Sai da kararen suka yi baƙi na je laburare na samo littafi a kanta. Shukar fako ce, ta saba da ƙasa mai yashi. Saiwarta ɗaya ce doguwa kamar rogo, kuma in ta zauna cikin ruwa ruɓewa take. Ƙasarmu nan yumɓu ce, ba ta sakin ruwa. Ni da na yi shekara huɗu ina awon sinadarai, ban tsaya na karanta bayan takardar ba. Ke da ba ki shiga aji ba, kin gaya min ƙanwar tumfafiya ce. Wa ya taɓa ba tumfafiya ruwa?

Littafin ya kuma ce ko lafiyayya ce takan bushe a hunturu, kuma ita ce kusan ta ƙarshe wajen tsirowa, wani lokaci sai Mayu. Don haka ban sani ba, barci take ko na kashe ta. In na tona in duba, saiwar ba ta jure taɓi. Sau uku ina fita da cokalin nan naki, ina komowa.

Alhaji yana son zuba tsakuwa a wurin don ajiye mota. Ya ce, "Nana, zan jira ki zuwa ƙarshen Mayu." Bai matsa min ba, ya ma ce zai saya min wata. Na yi godiya. Ban iya gaya masa cewa wata ba ta san hannunki ba.

Jiya da safe na ga wani ɗan kore, taƙi guda daga tsinken da na kafa alama. Na auna shi, milimita huɗu. Yau biyar. Zai iya zama ita, zai iya zama ciyawa kawai, littafin bai nuna hotonta tana wannan girman ba. Na durƙusa a kansa har sanyin ƙasa ya ratsa ni. Hannuna yana ta son ɗauko buta.

Ban zuba ba, Innata. Na mayar da ita banɗaki. Iyakar kulawar da ta rage min ke nan, in zauna kusa, in hana kaina.

Ya Allah, Kai Kake rayar da ƙasa bayan mutuwarta. Ka gafarta wa Innata, Ka yalwata kabarinta, Ka sanyaya shi. Abin da ke ƙarƙashin jar ƙasar nan kuma, in da sauran rai, Ka fito min da shi kafin tsakuwa ta zo. Amin.

Ki yafe min ruwan.

'Yarki mai kewarki,
Nana