Iskar da ke Cikin Ruwa

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, kai da iyali. Mu ma lafiya lau, sai dai ƙirjin Baba yana nan yadda ka bar shi, injin numfashinsa ba ya hutawa.

Kullum kana tambaya wane irin aiki ne ya hana ni dawowa birni. To, gyara zama. Da rana farantan sola suna ba garin nan wuta har ta yi saura. Sauran ba ma asararsa. Akwai na'urar da muke ba ruwa, wutar ta raba shi gida biyu. Kashi ɗaya iskar haidurojin ce, muna ɗura ta a tankunan da ke bayan ɗakin aikina. Ɗayan kuwa ta bututu muke sakin sa waje. In rana ta ɓuya, wata na'urar ta zuƙi abin da ke tanki ta ba mu wuta, ruwa ya riƙa ɗiga ta ƙasanta. Wallahi har yau in na tsaya gabanta sai mamaki ya kama ni.

Damuwata ɗaya: hadari ya rufe mu tun makon jiya, allurar ma'aunin tanki sai sauka take. Ƙa'idarmu, in ta taɓa alamar ja, a yanke layin gidaje da shaguna, a bar asibiti da famfo. Ka san injin Baba a layin gidaje yake.

Ƙanwarka,
Auta

Zuwa ga ƙanwata,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Wasiƙarki ta tayar mini da hankali matuƙa. Ki kai Baba asibiti ya zauna har rana ta fito. Idan ya ƙi, ke ke riƙe da makunnan, ki bar layinmu a kunne. Babu wanda zai ga laifinki, kuma ba na son gardama a kan wannan.

Ki gaishe shi da jiki. Na bar ki lafiya.

Yayanki

Yaya,

Gaisuwa da fatan alheri. Kamar ba ka san Baba ba! Ya ce gadon asibiti na wanda ya fi shi ciwo ne. Layi kuwa, in na bar shi a kunne tanki ya ƙare, ɗakin haihuwa ma duhu zai shiga. Ba zan iya ba, ka yi haƙuri. Amma tsoro kam na ji shi har cikin ƙashina.

Sai Baba ya ce a kai shi ya ga abin da ransa ke rataye da shi. Mai walda da mai niƙa suka ɗauko shi a kujera. Ya tara tafinsa a ƙasan na'ura, ruwa ya ɗiga masa, ya ɗanɗana. Ya nuna bututu ya ce, "Wannan fa, Auta?" Na ce nan oksijin ke fita, irin iskar da injinsa ke ba shi.

Ya dubi ruwan da ke tafinsa. Can ya ce, "Ikon Allah! Ƙuruciyata duk a ƙasan rijiya na ƙarar da ita, ruwa har gwiwa, numfashi na neman ɗaukewa. Ashe iskar tana nan cikinsa, kewaye da ƙafafuna."

Mai walda ya dubi allura, ya ce, "Yarinya, injina nawa yake ci?" Na ce aikinsa na wuni ɗaya zai riƙe Baba kwanaki. Bai ƙara ko kalma ba, ya je ya garƙame shagonsa. Mai niƙa ya bi sahu. Teloli suka koma keken ɗinki na ƙafa. Mai ƙanƙara ya yi ta mita har bakin shago, amma ya kashe firjinsa.

Allura ta rage gudu, sai dai ba ta tsaya ba. Ka sa mu a addu'a.

Taka,
Auta

Yaya,

Barka da war haka. Rana ta fito yau da hantsi, tsakanin allura da ja bai kai faɗin farce ba.

Baba ya aika wa mai walda ya buɗe shago, wai kunnensa ya yi kewar ƙara. Kwalbar da ke tare da wasiƙar nan ruwan na'ura ne, shi ya tara maka da hannunsa. Ya ce kada ka sha, ka zo ka gani da idonka tukuna.

Sai ka zo.
Auta