Hancin Baba Ya Daina Jin Ƙamshin Gahawa

Assalamu alaikum Anti. Don girman Allah ki ba ni shawara, mako biyu ya rage mini, kuma na rasa wanda zan faɗa wa domin maganar ta mahaifina ce.

Sana'armu garin gahawa. A ƙasarmu ba a nomanta, shigo da ita ake yi. Baba ya fi shekara talatin yana odar gari iri uku daga waje, ya haɗa su da hannunsa, mu zuba a leda mu kai otal-otal da kantuna. Bai taɓa rubuta awo ba. Buhu zai buɗe, ya ɗibi kaɗan a tafin hannu, ya shinshina, ya ce a ƙara na wancan ludayi biyu. 'Yan kasuwa Mai Hanci suke ce masa, kuma ya fi son sunan a kan nasa na ainihi. Ni ce babbar 'yarsa, shekarata tara a shagon, amma aikina awo da liƙe leda.

Bara ya yi wata muguwar mura. Ya warke, hancin ne bai dawo ba. A gida na fara lura. Mama ta ƙona girki, ƙauri ya cika ko'ina, shi da kullum yake riga kowa tsokanarta yana zaune da rediyonsa bai ce uffan ba.

Wata uku da suka wuce kayanmu suka iso a kwantenar da aka haɗa da kayan wasu 'yan kasuwa, ashe kusa da katan-katan na sabulu aka jera su. Garin gahawa kuwa duk abin da ya zauna kusa da shi sai ya sha ƙamshinsa. Ina buɗe buhu sabulu ya daki hancina. Baba ya ɗiba, ya shinshina, ya miƙo mini tafinsa ya tambaye ni yaya na ji, abin da bai taɓa yi ba sai 'yan watannin nan. Anti, kunya da tsoro suka kama ni, na ce masa lafiya lau. Ya kakkaɓe tafinsa, ya ce to a zuba a leda.

Ban zuba ba. Buhu shida na ja bayan sito na lulluɓe da tamfol, muka ci gaba da ragowar tsohon kaya. Tun daga ranar, in ya gama haɗi ya fita salla sai in gyara a ɓoye. Kwanan baya mai wani otal ya zo yana yabon haɗin, Baba bai yi fara'ar da ya saba ba, ni ya tsaya yana kallo.

Yanzu kamfanin da muke saye a wurinsu sun aiko samfur biyar, wanda muka zaɓa shi za mu sayar shekara guda, kuma mako biyu ya rage mu ba su amsa. Ƙanina ya ce mu zaɓa mu aika musu ba da sanin Baba ba. Mijina ya ce a faɗa masa gaskiya ya koma gida ya huta. Ni kuwa in na tuna yadda yake ɗaga kai in an kira shi Mai Hanci sai ƙwalla ta cika mini ido. Ina tsoron in karya masa zuciya, ina tsoron ya zaɓi abin da zai kashe sunan da ya gina. Yaya zan yi?

'Yar Mai Gahawa

Wa alaikumus salam, 'yata.

Na karanta wasiƙarki sau biyu, kuma ina ganin sirrin da kike ɓoye wa Baba ya riga ki saninsa. Mutumin da ya shekara talatin yana ci da hancinsa ba ya buƙatar a faɗa masa ranar da hancin ya yi shiru. Ba ki tambayi kanki me ya sa ya fara miƙo miki tafinsa ba? Taimako yake nema ta hanyar da girmansa zai iya ɗauka. Ranar sabulun ya dogara da ke, kika ce lafiya lau. Ban ga laifinki ba, kara kika yi masa, amma karar ta bar shi shi kaɗai da damuwarsa.

Ƙaninki yana da gaskiya cewa zaɓin bana ba abin wasa ba ne, sai dai in kuka zagaye Baba, ranar da ya gano zai ji kun binne shi da ransa. Mijinki ma yana da gaskiya cewa ƙarya ta isa haka, amma hanci kawai Baba ya rasa. Sanin wane gari ke jure zafin sito, wane kamfani ke sauya kaya bayan samfur, wane otal ke son mai ɗaci, duk yana nan a kansa.

Ki same shi ku biyu kawai, a shago, kafin a buɗe. Ki ɗage tamfol ɗin nan ki nuna masa buhunan, ki nemi gafararsa a kan amsar da kika ba shi. Kada ku sayar da su ko da a araha, sunan haɗinku ya fi buhu shida tsada. Ku kai kuka wurin dillalin da ya yi lodin, nan gaba kuma ku sa sharaɗin kada a jera kayanku da masu ƙamshi. Ku kai Baba wurin likitan hanci, wasu jin ƙamshi yakan dawo musu. Kafin nan a riƙa lura masa da gas da abincin da ya kwana.

Samfur ɗin kuwa, ki jera su biyar a gabansa. Ke ki shinshina ki ɗanɗana ki faɗa masa abin da kika ji tsakaninki da Allah, shi ya yanke hukunci, kina rubuta duk abin da ya ce. Wata uku ke nan kina gyara haɗin har aka yabe shi a gabansa, kuma ba na jin kallon da ya yi miki ranar na fushi ne.

In ya sake miƙo miki tafinsa, 'yata, ki faɗa masa gaskiya, ita yake jira. Allah ya ba Baba lafiya, ya sa albarka a sana'arku.

Anti